Nu'man Obsarbata da Zaɓen 'Yan Tsire

In ka taɓa tsayawa a layin 'yan tsire na unguwar Briketeri, to ka ga Nu'man ko ba ka san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai 'yar riga marar hannu ruwan ɗorawa, wanda ba ya yanka, ba ya gashi. Aikinsa ya daka yaji ya raba wa masu tukuba, sauran yinin kuma ya cika wa mutane kunne. Rigar tana da tarihinta. Wata shekara da aka yi zaɓen ƙasa, an ɗauke shi jidar benci a wata makarantar firamare, wani ɗan sa-ido ya manta rigarsa a kan taga, Nu'man ya taimaka masa da ajiya har yau. A bayanta an rubuta OBSERVATEUR da manyan baƙaƙe. Tun daga ranar babu abin da ya shafi zaɓe a duniya wanda Nu'man bai sani ba. Unguwa ta raɗa masa Obsarbata, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce.

'Yan tsiren layin suna da ƙungiya, su arba'in da ɗaya, kuma duk shekara uku sukan zaɓi shugaba. Kujerar ba ta wasa ba ce. Shugaba ne yake cewa wa zai kafa tukuba a bakin titi, wa zai koma lungu, shi ne kuma bakinsu a mayankar Etudi in ana rabon nama. Yadda suke zaɓen ba wahala: a idar da sallar la'asar, 'yan takara su tsaya, kowa ya je bayan nasa, a ƙirga kawuna, a yi addu'a, a koma bakin wuta. Shekara ashirin da ɗaya ke nan Alhaji Njidda yana tsayawa, layi yana miƙewa a bayansa har bakin kwata. Tun da ya bar wa 'ya'yansa tukuba, kujerar nan ce kaɗai take fito da shi daga gida. Bana kuwa ya sami abokin karawa, Hamadu, matashi mai babur da waya biyu, wanda yake kai tsire har ofisoshi, samarin layin kuma suna sonsa.

Alhaji Njidda surukin Nu'man ne, uban matarsa Zara. Duk surutun Nu'man, da ya hango tsohon sai bakinsa ya mutu. Shekara goma sha huɗu da aure bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskarsa ba, bai taɓa kama sunansa ba. Tun daga nesa yake cire takalmi, ya tsuguna, ya kafa ido a ƙasa ya yi ta jero gaisuwa. Tsohon ma Bafulatanin Garwa ne da bai san wasa da kunya ba, amsarsa ba ta wuce gyaran murya, in akwai saƙo sai ya bi ta wajen Zara. Saboda haka abin da Nu'man ya sani na surukinsa tsohon takalmin fata ne mai igiya, da babban yatsan ƙafar hagu wanda bijimi ya taɓa takawa a Etudi ya karkace. A unguwa kuwa ana yaba masa wannan ladabi, shi kaɗai ne abin da ake yaba masa.

Ana saura kwana biyar zaɓe aka yi taro a rumfar ƙungiya. Ba a gama buɗe taro da addu'a ba Nu'man ya miƙe, ya juya wa jama'a baya don su karanta rigar, sannan ya juyo.

"Jama'a, zaɓen nan da muke yi, in aka ji shi a waje dariya za a yi mana. Mutum ya tsaya bayan mutum kamar ana rabon kunu! Wa ya tantance shi? Ina katin shaidarsa? Na samu labari mai tushe za a ciko mota da mahauta daga Etudi da Elig-Edzoa a cusa mana a layi."

Hajiya Fatiha, wadda take yanka wa layin albasa da tumatir, kuma ita kaɗai ce mace a ƙungiyar, ta ce, "Wa ya ba ka labarin?"

"Hajiya, mu ba ma faɗin majiyarmu."

"Mu arba'in da ɗaya ne, Nu'man. Har tarin kowa na sani. In baƙo ya shigo layi ai ko akuyar Malam Babba za ta gane shi."

"Sani ba shaida ba ne! A ƙasashen da suka ci gaba, ko uwarka ce a kan tebur sai ka nuna mata kati. Kati mai rai, fuska ta yi daidai da hoto, yatsa ya fito raɗau. *C'est la loi!* Doka ce!"

Hamadu ya yi ɗan murmushi, ya ce shi ya yarda. Wannan kaɗai ya isa ya farkar da mai hankali, amma Nu'man ya ɗauka tsoro ne ya kama yaron. Tsofaffi kuwa suka ga mai maganar surukin Alhaji ne, ba zai kawo abin da zai cuci gidansu ba. Da aka tambaya wa zai riƙe aikin, ba a rufe baki ba Nu'man ya riga ya karɓa.

Ya koma gida yana tafiya kamar wanda aka naɗa. Zara na tankaɗe a tsakar gida ya tsaya a kanta ya zayyana mata shirin kaf.

Ta ce, "Malam, Baba bai taɓa faɗuwa ba. Me ya lalace da za ka gyara?"

"Ke ba ki san siyasa ba. Da ba don ni ba, bana sace masa kujera za a yi da rana tsaka. Ki zuba ido, ranar Lahadi da kaina zan ɗora shi, har sai ya aiko a gode mini."

Ta ajiye rariya ta dube shi. "To ji nan. Kujerar nan ita ce ran tsohon nan. In ya rasa ta ta dalilinka, kada ka neme ni a ɗakin nan, ka same ni a gidanmu."

Nu'man ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce ta ba shi aron bokitinta na roba mai murfi, wanda ake ganin abin da ke ciki.

Kwana huɗu bai daka wa kowa yaji ba. Ya huda murfin bokitin Zara da wuƙa mai zafi. Ya kewaye wani lungu na rumfar da zanen gado. Ya zana takardar ƙuri'a da hannunsa ya kai aka buga: alamar Alhaji kan sa, alamar Hamadu tsinken tsire. Tsiren ya fito har kana jin ƙamshinsa, kan san kuwa wasu suka ce jemage ne, wasu suka ce keke ne ya kife. Tawada ma da kansa ya haɗa ta da shuɗin wanki da galura, a turmin da ke kusa da hannunsa. Hajiya Fatiha ta kawo masa littafin sunayen 'yan ƙungiya, ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya ce littafin da ba hoto ba hatimi ba ya hawa teburinsa.

Ranar Lahadi aka fara bayan azahar. Nu'man ya hakimce a bayan tebur, biro uku a aljihu, usur a wuya. Tsofaffi suka yi gaba a layi kamar yadda aka saba, Malam Babba a farko, mutumin da ya fara hura wuta a layin tun ba a zuba wa titin kwalta ba.

"Kati."

"Nu'manu, ni ne fa."

"Yau ba Nu'manu a nan, Baba. Kati."

Malam Babba ya kwance wata leda, ya kwance wata a cikinta, ya zaro katin. Nu'man ya kai shi kusa da hanci, ya ja shi nesa, sai ya hura usur.

"Yaushe aka haife ka?"

"Shekarar da kogi ya cinye kasuwar garinmu."

"A nan an rubuta *vers*, wajajen alif ɗari tara da hamsin. Wajajen! Ana haihuwar mutum a wajajen? Ko an haife ka ko ba a haife ka ba!"

"To ga ni dai a tsaye."

"Wannan kai ka faɗa. Koma gefe."

Duk wanda ya san tsofaffin arewa ya san haka katinsu yake. An haife su a ƙauye ba takarda, da suka zo yin kati aka yi musu kintace, wasu aka rubuta musu wajajen shekara kaza, wasu aka ba su ɗaya ga Janairu. Nu'man bai san wannan ba, don bai taɓa karanta katin kowa ba sai yau. Da ya ci karo da ɗaya ga Janairu na biyu ya ɗaga gira. A na huɗu ya miƙe tsaye. A na bakwai ya hau benci.

"Jama'a, ku zo ku ga maguɗi ƙiri-ƙiri! Mutum bakwai rana ɗaya! Uwarku ɗaya ce? Wannan daga Marwa, wannan daga Ngaundere, wancan daga Banyo, duk kuka haɗa baki kuka faɗo duniya ranar sabuwar shekara?"

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Ba mu muka rubuta ba, ɗan nan."

"To wanda ya rubuta ya zo ya yi zaɓen."

Abdulmajid mai balangu ya miƙo resefise, takardar nan da ake riƙewa kafin kati ya fito. Ta daɗe a aljihunsa har ta yi laushi kamar tsumma, an yi ta sabunta ta da hatimi kan hatimi, har wani ya sauka daidai kan hancin hoton. Nu'man ya ce shi bai ga hanci a takarda ba, ga kuma mutum ya zo da hanci, don haka ba su dace ba. Na bayansa katinsa lafiya lau, amma da ya dangwala yatsa sai ya fito sumul kamar an ɗiga miya. Shekara talatin mutum yana juya nama a kan garwashi da hannu, wane zane zai rage a yatsa? Aka gwada na hagu, aka gwada manuni, duk ɗaya. Mutumin ya share zufa da hannun, nan take ya kurma ihu yana murza ido, don turmin da aka haɗa tawadar na yaji ne. Nu'man ya nuna shi ya ce kukan nadama ne, asiri ya tonu.

Wanda ya fi ba ni tausayi Isma'ila ne. A hoto haɓarsa fes take, yanzu kuwa gemu ya sauko masa har ƙirji, tun da ya dawo daga Makka yake kiwonsa. Nu'man ya dubi hoto ya dubi gemu, ya ce mutum biyu ne. Isma'ila ya rantse, ya kawo shaidu, a banza. Saboda ƙaunar Alhaji Njidda bawan Allah nan ya tsallaka titi wurin wanzami, ya dawo yana rufe haɓa da hula kamar wanda aka yi wa tsirara.

Nu'man ya duba da kyau, ya gyaɗa kai. "Yanzu kam kai ne."

"Alhamdu lillahi. Ba ni takardar."

"Sai dai katin ya mutu tun watan jiya."

"Ba ka ga haka ba tun ɗazu?"

"Ɗazu fuska nake dubawa. Aiki bi da bi ake yinsa."

Sai da mutum huɗu suka riƙe Isma'ila.

Samarin Hamadu kuwa suka yi ta wucewa sumul. Yaran da kullum suna kan babur ana tsayar da su a hanya, ai katinsu sabo fil yake, ranar haihuwa har da wata, yatsunsu kuma wuta ba ta gama cinyewa ba. Hajiya Fatiha ta zagayo ta bayan tebur ta rage murya.

"Kai, ka kuwa duba waɗanda ka tara a gefe? Mutum goma sha tara, duk na surukinka ne."

"Hajiya, doka ba ta da suruki."

"Kai kana da shi."

"Ki bar ni da lissafina. Baƙin da za a kawo nake jira, yanzu za ki ga aiki."

Baƙi kuwa sun zo, sai dai ba wanda ya kawo su. Tantancewa ta ja har la'asar ta wuce, lokacin da masu sayen tsire suke fara sauka. Ba hayaƙi a layin ranar, sai dogon layi a bakin rumfa, saboda haka duk wanda ya zo sai ya bi sahu. Wani direban tasi ya faka da fasinja biyar, ya leƙo ya tambaya da gurɓataccen Turanci ko layin tsire ne, "Massa, na line for soya dis?"

Nu'man ya ce, "*Carte d'identité!*"

Mutumin ya yi mamakin yadda sayen tsire ya koma, amma yunwa ba ta musu, ya zaro kati. Kati mai rai, fuska daidai, yatsa raɗau. Nu'man ya ɗaga shi sama yana nuna wa tsofaffin da ke gefe. "Kun gani? Haka ɗan ƙasa na gari yake!" Ya miƙa masa takarda. Direba ya shiga bayan zanen gado, ya ga hoton tsire ya ga hoton jemage, ya dangwala wa abin da ya zo saye, ya jefa a bokiti, ya koma gefe yana jiran a kawo masa. Fasinjojinsa biyar suka bi bayansa. Bayansu wasu 'yan makaranta, da wata mata mai goyo wadda ta roƙi a sa mata yaji da yawa.

Hajiya Fatiha ta ɗora hannu a ka. "Nu'man! Waɗannan ba 'yan ƙungiya ba ne!"

"Katinsu ya nuna haka?"

"Littafin da ka ƙi karɓa ne zai nuna!"

"Littafin da ba hoto? Hajiya, kina hana ma'aikaci aiki."

Ana cikin wannan hayaniya sai wuri ya yi tsit daga baya, mutane suka dare. Nu'man na sunkuye yana goge tawada, ya ga ƙafafu sun tsaya a gaban tebur. Baƙin takalmi sau-ciki, sabo, yana ƙyalli, har da farar safa. Bai san su ba. Aka ajiye kati a gabansa ba a ce komai ba. Ya karanta sunan a zuci, ya ga na surukinsa ne, ya sake duban ƙafafun. Sai wani daɗi ya lulluɓe shi tun daga ƙafa har ka. Ga shi nan! Abin da ya kwana biyar yana faɗa ana yi masa dariya, ga shi Allah ya kawo har teburinsa.

Ya ɗaga kai ya zuba wa mutumin ido. Wani ɗan tsamurmurin tsoho ne mai farin tabarau da doguwar hula. Da suka haɗa ido tsohon ya yi sauri ya kawar da fuska gefe.

"A'a, dube ni nan! Me kake ɓoyewa? Ina ka samo katin nan?"

Tsohon ya ƙara kawar da kai.

Nu'man ya hura usur sau uku ya haye benci. "Jama'a! An saci katin Baba! Katin surukina aka sace aka ba wannan ya zo ya yi zaɓe da shi!"

Malam Babba ya buɗe baki ya kasa rufewa. Hajiya Fatiha ta ce, "Inna lillahi! Kai, shi ne! Surukinka ne!"

"Har da ke aka saya, Hajiya? Ni za a gaya wa surukina? Shekara goma sha huɗu kullum ina gabansa!"

Samarin Hamadu suka ga abin da ko a mafarki ba su roƙa ba. Wani ya ce, "Bincike shi da kyau, Obsarbata!" Wani ya ce, "Aikinka na kyau!" Kan Nu'man ya ƙara fashewa. Ya diro daga benci ya ɗaga katin kusa da kunnen tsohon.

"A hoto ba tabarau. A hoto ba hula, kansa tal yake kamar ƙwarya. Cire hular."

Tsohon bai motsa ba. Nu'man ya miƙa hannu, a gaban tsofaffi da samari da direban tasi da mata mai goyo, ya tsige hular. Wani sanƙo ya bayyana wanda rabon da rana ta gan shi tun kafin a haifi Hamadu. Wasu tsofaffin suka sunkuyar da kai don kada a ce sun gani.

Nu'man ya dubi sanƙo ya dubi hoto. Sun yi kama, ba ƙarya. Amma mutumin da ya hau benci sau biyu ba ya sauka da sauƙi.

"Aski ne! An aske shi don ya yi kama! To bari ku ji, ni ba a yi mini wannan. Surukina yana da shaidar da ba wanzamin da zai iya yi. Babban yatsansa na hagu a karkace yake. In kai ne, cire takalmin!"

 Tsohon ya dafa tebur, ya sunkuya a hankali irin na mai ciwon baya, ya zare takalmin hagu, ya zare safar, ya ajiye ƙafar a kan jar ƙasa.

Nu'man ya duba. Ya san yatsan nan fiye da yadda ya san fuskar 'ya'yansa.

Ba wanda ya ga lokacin da ya zube. Sai dai aka gan shi tsugune a ƙarƙashin tebur, ya cire nasa takalmin, hular surukinsa a hannu yana miƙa ta sama kamar mai roƙon ruwa. "Barka da yamma, Baba. An yini lafiya, Baba? Ya gajiya, Baba? A ba Baba takarda. A ba shi biyu."

Alhaji Njidda ya karɓi hularsa ya mayar. Bai dubi takardar ba, bai dubi mai miƙo ta ba. Ya juya wajen Hajiya Fatiha, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Fatiha, takalmin nan Zara ce ta saya mini, ta ce in sa don yau ranar mijinta ce. Ki ce wa mijin nata na gode. Ashe shekara goma sha huɗu takalmina yake gaisarwa."

Ya ɗauki katinsa, ya ɗauki takalmin a hannu, ya fita yana ɗingishi, ƙafa ɗaya a rufe ɗaya a buɗe. Ba a yi dariya ba sai da ya sha kwana, don ko samarin Hamadu suna da iyaye.

Da ƙyar aka zaro Nu'man daga ƙarƙashin tebur, don doka, wadda shi ya kafa, ta ce shugaban zaɓe ne zai ƙirga a bainar jama'a. Ya zazzage bokiti. Ƙungiya mai mutum arba'in da ɗaya, an hana goma sha tara, ɗan takara ɗaya ya tafi gida, amma aka sami ƙuri'a hamsin da takwas. Jemage ya sami huɗu. Sauran duk tsire ne, wata ma an rubuta a bayanta kada a sa albasa.

Nu'man ya ce cikin muryar da ba ta fi ta sauro ba, "Akwai kurakurai. A soke."

Hamadu ya dafa kafaɗarsa. "Wane kuskure? Kowa da katinsa ya yi, kai ka duba da idonka. Jama'a, ni ban taɓa ganin zaɓe mai tsabta irin wannan ba. Na yi yawo gida-gida wata biyu ban sami abin da bawan Allah nan ya samo mini a yini ɗaya ba. Mutumin da bai bar surukinsa ba, wa zai bari? Daga yau shi ne shugaban zaɓenmu har ƙarshen ransa!"

Kafin ya ce wani abu samari sun sure shi sama. Suka fito da shi titi a kafaɗa, babura na gaba suna oda, ana "Obsarbata! Obsarbata!" Teloli suka bar kekunansu suka fito, mata suka leƙo ta kan katanga, direban tasi na biye yana tambaya wa zai ba shi tsirensa. Nu'man yana ta "Ku sauke ni, don girman Allah ku sauke ni," su kuwa suka ɗauka tawali'u ne, suka ƙara ɗaga shi. Da ya ga sun karya kwana sun nufi lungun masallaci, inda gidan Alhaji Njidda yake, sai ya fara kuka sosai, irin na yara, da majina.

Labari ya riga su isa. A ƙofar gidan ga akwatin Zara, ga tukwanenta a ɗaure cikin zane, ko shigar da su ba a gama yi ba. Ita kuma tana tsaye a bakin zaure da mayafi, ta harɗe hannu. Ayari ya tsaya cak. Wani daga cikin samarin, wanda wuyansa ya gaji, ya ce, "Anti, ga gwarzon naki mun kawo. Ina za mu sauke shi?"

Zara ta ɗaga kai ta dubi mijinta a can sama, rigar ruwan ɗorawa ta tattare masa a hammata, shuɗin tawada ya bi hawaye ya zubo har haɓa. Ya buɗe baki zai yi bayani.

Ta ce, "Ku yi gaba da shi. Duk gidan nan dama ƙuri'a ɗaya gare shi, tawa, kuma na janye."

Ta ja akwatinta ciki ta sa sakata.